Yadda Ake Matse Bawul ɗin Zuciya da Kai Shi Wurinsa Ba Tare da Buɗe Ƙirji Ba

Zuciya tana da bawul huɗu, waɗanda ke aiki kamar ƙofofi: suna buɗewa jini ya wuce, su rufe kada ya dawo baya. Ɗaya daga cikinsu yana bakin babbar jijiyar da ake kira aorta, wadda ke kai jini ga jiki gaba ɗaya. Da shekaru suka ja, wannan bawul kan yi tauri ya tsuke, mutum ya riƙa haki, ciwon ƙirji, ko suma. A da, sai an buɗe ƙirji kafin a canza shi. Yanzu ana iya shigar da sabon bawul ta jijiyar cinya, aikin da likitoci ke kira TAVI. Dokta Alain Cribier ne ya fara yi wa ɗan'adam shi a birnin Rouen na Faransa, ranar 16 ga Afrilu, 2002.

Matsalar da injiniyoyi suka fuskanta

Sabon bawul ɗin yana da faɗin milimita 20 zuwa 34 idan ya buɗe, amma dole ya bi ta jijiyar da faɗinta bai wuce fensir ba. Saboda haka ana ɗinka fallayensa uku a jikin wata raga ta ƙarfe mai matsuwa. Fallayen ana yin su ne da tantanin da ke lulluɓe zuciyar saniya ko ta alade. Wanda wannan ya dame shi, ya tambayi likitansa irin da za a sa masa tun kafin ranar aiki.

Na'urar matsewa

Bawul ɗin yana zuwa a buɗe cikin ruwan magani, kuma ba a matse shi sai gab da shigar da shi, domin daɗewa a matse yana iya lahanta fallayen. Bayan an wanke shi, hanyar ɗora shi ta danganta da irinsa.

Iri na farko, kamar Sapien na kamfanin Edwards, ragarsa ba ta buɗewa sai an hura mata balan-balan. Ana sa shi cikin wata na'ura mai haƙora a kewaye, waɗanda ke rufuwa lokaci guda idan an ja hannunta, su matse shi daidai ta kowane ɓangare a kan bututun da zai ɗauke shi. Idan matsewar ta karkata, ragar na iya lanƙwashewa ko falle ya tsage.

Iri na biyu, kamar Evolut na kamfanin Medtronic, an yi ragarsa da nitinol, ƙarfen da ke laushi cikin sanyi, ya koma siffarsa ta asali idan ya ji ɗumin jiki. Shi ya sa ake ɗora shi cikin ruwan gishiri mai sanyi ƙwarai, a tura shi ta wani mazurari da ke tsuke shi a hankali har ya shige cikin kubensa. Kafin a shigar, ana duba shi don tabbatar da bai naɗe ba kuma yana fuskantar inda ya kamata.

Bututun da ke kai shi

Bututun ya fi mita ɗaya tsawo. Yana bin wata siririyar waya daga cinya, ya hau ta ciki da ƙirji, ya zagaya lanƙwasar aorta, ya isa zuciya. Dole ya zama da laushin da zai bi lanƙwasa ba tare da ya kankare bangon jijiya ba, kuma da ƙarfin da zai amsa turin hannun likita. A wajen jiki akwai mariƙi mai abin murɗawa, wanda likita ke sarrafa shi da shi yana kallon hoton ciki a allo.

Idan mai balan-balan ne, ana sa zuciya ta yi bugu da sauri, kusan 180 a minti, na 'yan daƙiƙoƙi, don kada ƙarfin jini ya ture bawul ɗin yayin da ake hura shi. Idan mai buɗe kansa ne, ana janye kuben sannu a hankali, kuma a sababbin ƙira ana iya mayar da shi ciki a gyara zamansa kafin a sake shi gaba ɗaya.

Bututun farko-farko sun kai kusan milimita 8, shi ya sa yagewar jijiya da zubar jini suka yi yawa a wancan lokaci. Na yanzu sun sauko zuwa kusan milimita 5, kuma hakan ya ba ƙarin marasa lafiya damar yin aikin ta cinya.

Abin da ya kamata majiyyaci ya sani

Hoton CT da ake ɗauka kafin aiki shi ne ke nuna girman bawul ɗin da ya dace da kuma ko jijiyar cinya za ta ɗauki bututun. Idan ta yi ƙanƙanta, ana bi ta wata jijiya, kamar ta wuya ko ta ƙarƙashin ƙashin wuya. Haɗurran aikin sun haɗa da raunin jijiya, yoyon jini ta gefen sabon bawul, shanyewar ɓarin jiki, da buƙatar na'urar daidaita bugun zuciya.

An fi yin TAVI ga tsofaffi masu tsukewar bawul ɗin aorta. A ƙasashenmu kuwa, yawancin yara da matasa masu ciwon bawul sun same shi ne daga ciwon maƙogwaro da ba a yi wa magani ba, wanda ya fi lalata wani bawul daban mai suna maitiral. Su galibi tiyata ko buɗa bawul da balan-balan ce ta fi dacewa da su. Likitan zuciya ne zai tantance hanyar da ta dace bayan an yi hoton zuciya.