Kogin Ubangi da unguwar Kilomita Biyar ta Bangui

Ubangi, wanda ake rubutawa Oubangui da Faransanci, shi ne mafi girma cikin kogunan da ke zuba a Kogin Kwango ta hannun dama. Yana farawa ne kusa da garin Yakoma, inda kogunan Mbomou da Uele suka haɗu, ya yi yamma, sannan ya lanƙwasa kudu ya bi ta gaban Bangui. Tsawonsa daga Yakoma zuwa inda ya faɗa Kwango ya kai kimanin kilomita 1,060. Shi ne iyaka tsakanin Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya da Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango, kuma mai tsaye a bakin ruwa a Bangui yana hangen garin Zongo a tsallake.

Duwatsun cikin kogin ne suka haifi birnin. A daidai wurin ruwa na gudu da ƙarfi a kan duwatsu, jiragen da suka taso daga Brazzaville ba sa iya wucewa cikin sauƙi, don haka Faransawa suka kafa sansani a nan a watan Yunin 1889. Sansanin ya zama hedikwatar yankin da suka kira Ubangi-Shari, wanda ya samu 'yancin kai ranar 13 ga Agustan 1960. Harshen Sango ma, da kowa ke ciniki da shi a yau, daga bakin kogin ya bazu, a bakin masu tuƙa kwalekwale.

Sai dai babbar kasuwar birnin ba a bakin ruwa take ba. Turawan mulkin mallaka sun riƙe gaɓar kogi da gindin tudu wa kansu, suka bar 'yan ƙasa da baƙi a nesa. Daga tsakiyar gari, inda ake fara ƙirga nisa, titin Barthélemy Boganda ya miƙe kilomita biyar zuwa unguwar da aka sani da PK5 ko KM5, a gunduma ta uku. A nan fatake suka yi zango: Hausawa, Barebari, Fulani, Larabawan Chadi, da mutanen Senegal da Mali. Yawancinsu ta ƙasa suka zo, daga Kamaru da Chadi, ba ta ruwa ba. Sunayen unguwanni irin su Camerounais da Sénégalais na nuna asalin waɗanda suka fara zama. Jikokinsu a Bangui aka haife su, da Sango suka tashi, amma har yanzu ba a rasa mai ce musu baƙi.

Kasuwar na rayuwa ne da hanyoyi biyu. Ta kogi ake kawo man fetur da kaya masu nauyi, amma sai lokacin da ruwa ya cika, wajen watan Yuli zuwa ƙarshen shekara. Da rani ruwan kan janye har manyan jirage su tsaya. Sauran kayan na biyo hanyar mota daga Douala ta Garoua-Boulaï da Bouar. Lokacin da 'yan tawaye suka tare wannan hanya a Disamban 2020, manyan motoci suka maƙale a kan iyaka, farashi ya tashi a Bangui.

Bayan Seleka ta ƙwace mulki a Maris na 2013, da harin 'yan anti-balaka na 5 ga Disamba, dubban Musulmi suka gudu Chadi da Kamaru. Waɗanda suka rage suka taru a PK5, fita ta zama haɗari, har kai gawa maƙabartar Musulmi ta Boeing ya gagara sai da aka yi yarjejeniya tsakanin unguwannin biyu a 2016. Paparoma Francis ya ziyarci babban masallacin Koudoukou ranar 30 ga Nuwamban 2015.

Ƙungiyoyin sa-kai da aka kafa don tsaron unguwar daga baya suka koma karɓar haraji a hannun 'yan kasuwa. A ƙarshen Disamban 2019 'yan kasuwar suka ƙi biya, aka yi artabu, mutane fiye da 30 suka mutu, shaguna suka ƙone. Watanni biyu kafin nan, a Oktoba, Ubangi ya yi ambaliya ya raba dubban mazauna unguwannin bakin ruwa da gidajensu.