Asalin Takalmin Gudu Mai Tokare Ƙafa

Tun da samarin Gaya da Ajingi suka ɗauki al'adar fita gudu a kan kwalta bayan sallar asuba, wasu don shirin shiga soja ko ɗan sanda, wasu kuwa don kishin ƙwallo, sai wata gardama ta ɓullo a tsakaninsu wadda iyayenmu ba su san ta ba, watau mas'alar irin kambas ɗin da ya dace da mutumin da ƙafarsa ke kwanciya ciki idan ya taka. Masu saro gwanjo daga Ƙofar Wambai suna da wani iri da suke tsauwala wa kuɗi, wai yana miƙar da ƙafa. Kuma da yake shimfiɗaɗɗen tafin ƙafa yana cikin illolin da ake mai da mai neman aikin ɗan sanda gida saboda su, shi da gwame, ba wuya yaro ya karyar da buhun gyaɗarsa ya saya. Wasu kuma sun ce duk zancen yaudarar 'yan kasuwa ce. Alhali ba wanda ya tsaya ya bincika inda abin ya samo asali.

Takalmin ba shi da wuyar ganewa. Idan mai karatu ya ɗauki ɗaya ya dubi soson da ke tsakanin ƙafa da ƙasa, zai ga ta gefen ciki, daga diddige zuwa kwarin tafin ƙafa, an sa wani yanki wanda galibi launinsa toka-toka ne, in ya danna shi da babban yatsa zai ji ya fi sauran tauri, ga kuma wani ƙoƙo mai ƙarfi da ya rungume diddigen ta baya. Dalilin wannan kuwa shi ne, ƙafar mai gudu takan sauka ne da gefen waje, sannan ta ɗan mirgina ciki, kwarin tafin ya lotsa ya shanye nauyin jiki, wanda a halin gudu yakan ninka biyu har zuwa uku. Wannan mirginawa hikima ce ta Mahalicci, kowa yana yin ta. Saɓanin yana kan wanda tasa ta zarce ƙima.

Ba za mu daɗe a zamanin dā ba. Ruwaya ta ce maƙeran Gaya, Abagayawa, su suka je Dala neman tama tun kafin Kano ta zama birni, amma ba ta gaya mana abin da ke ƙafarsu ba. Da matafiyin nan Bature, Barth, ya iso Kano a 1851 ya tarar da dukawa suna ɗinka takalman da ake kaiwa ƙasashe masu nisa, kuma fataken da suka riƙa zuwa Gwanja neman goro da irinsu suka yi ta tafiya wata da watanni. Fade ne shimfiɗaɗɗe, fata a kan fata. Haka huffin da malaman furu'a suka yi wa babi a Risala. Haka takalmin taya da ya zo daga baya. Ba ɗayansu da ke da matokari. Har a 1960 ma, Abebe Bikila na Habasha ba takalmi ya cinye gudun famfalaƙi a birnin Rum.

Labarin ya fara ne a Amurka. Wani mai horar da 'yan gudu a Jami'ar Oregon, Bill Bowerman, ya ziyarci New Zealand a 1962, ya ga wani mai horarwa, Arthur Lydiard, yana sa manyan mutane, har da masu furfura, suna sassarfa don lafiya, ya dawo gida da abin, ya fitar da littafi a kansa a 1967. Shi ne ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa kamfanin da ya zama Nike, shi ne kuma ya zuba roba a tandar ƙarfen matarsa don ya sami ƙasan takalmi mai kama hanya. Da Ba'amurke Frank Shorter ya ci gudun famfalaƙi a Munich a 1972, sai ma'aikatan ofis da 'yan kasuwa, mutanen da suka shekara ashirin ba su yi gudu ba sai na tarar mota, suka fantsama kan kwalta. Gasar gudun famfalaƙi ta birnin New York, wadda aka fara a 1970 da mutum 127, ta haura dubu biyu a 1976. Ba a jima ba asibitoci suka cika da masu ciwon gwiwa da ƙwauri da agara. Magani na farko da aka kawo musu shi ne laushi: a 1975 kamfanin Brooks ya shigo da soson EVA, aka riƙa ƙara masa kauri, ana ɗaga diddige.

Shekarar da ta fi kowace muhimmanci ita ce 1977. A cikinta ne Merton Root, likitan ƙafa a Kalifoniya, da abokansa biyu, suka wallafa littafin da ya zama madogarar wannan fanni, inda suka tsayar da cewa ƙafa tana da wani matsayi na tsaka-tsaki, kuma kauce masa da yawa illa ce mai haifar da ciwo. A cikinta ne kuma Brooks, da shawarar wani likitan ƙafa mai suna Steven Subotnick, ya fitar da takalmin Vantage, wanda aka ɗaga gefensa na ciki don ya tare mirginawar, mujallar Runner's World ta ba shi matsayi na ɗaya, ciniki ya buɗe. A 1982 aka sami takalmin Chariot mai soso iri biyu, taushi a waje tauri a ciki, da New Balance 990 da aka sa wa dala 100, kuɗin da a lokacin aka ɗauka hauka ne. A 1993 kuma Asics na Japan ya fitar da Gel-Kayano, da sunan mai zana shi, Toshikazu Kayano. Daga nan kantuna suka kasa bil'adama gida uku bisa ga sawun da jiƙaƙƙiyar ƙafa ta bari a takarda, kowane gida da takalminsa, aka zauna a kan haka kamar an yi ijma'i, alhali kuwa ƙiyasi ne kawai, ba a jarraba shi ba.

Ni dai abin da ya rinjaya a wurina shi ne, matokarin nan an yi shi ne don gyara ɓarnar da takalmin kansa ya kawo. Ƙafar da ke kan fade tana kusa da ƙasa, ba ta da inda za ta nutse. Amma idan aka ɗora diddige a kan soso mai tsawo mai laushi, to duk gefen da nauyi ya fi danna shi zai fi lotsawa, ƙafa ta bi shi, tamkar rumbun da aka kafa a jiƙaƙƙiyar ƙasa, wanda dole a nemo gwafa a tokare. Hujjata ita ce jerin shekarun: soso a 1975, matokari a 1977. Sai kuma kwalta, wadda ba ta ba da haƙuri irin na rairayin jigawarmu, kuma an gina ta da ɗan tudu a tsakiya don ruwa ya gangare. Yaron da ke gudu a hanyar Wudil zuwa Gaya, yana rakuɓe a gefe don tsoron manyan motoci, ƙafarsa da ke wajen tsakiyar hanya tana kwanciya ciki fiye da 'yar'uwarta a kowane taku, ko da an haife shi da ƙafa lafiyayya.

Masu cewa ilimin likita ne zalla ya haifi takalmin, tahƙiƙin da aka yi daga baya bai taimake su ba. Rundunonin Amurka sun jarraba abin a kan kurata fiye da 7,000, aka wallafa a 2009 da 2010: an ba wasu takalmi bisa ga siffar tafinsu, wasu an ba su iri guda ba zaɓi, ciwo bai ragu ba a wajen na farkon. A Denmark, a 2014, an bi sababbin 'yan gudu 927 shekara guda cikin takalmi marar matokari, masu ƙafa mai kwanciya ciki ba su fi saura jin ciwo ba. Tun a 1992 ma wasu likitoci a Indiya sun duba yara 2,300, suka sami shimfiɗaɗɗen tafi a kashi 8.6 cikin ɗari na masu sa takalmi, kashi 2.8 kawai a marasa sawa. Wannan kuwa ya kamata ya sanyaya zuciyar duk wanda ya tashi yana kiwo a Ajingi ƙafa a ƙasa. Kuma ba takalmin da ke mai da ƙashin baligi wata siffa. Likitan da ke duba masu neman aiki sai ya ce a tuɓe shi tukuna.

Amma masu cewa yaudara ce tsantsa su ma sun wuce gona da iri. Sun sami ƙarfi a 2009 da littafin Christopher McDougall a kan mutanen Tarahumara na Meziko, masu gudu da takalmin taya irin namu, sai dai kamfanin Vibram da ya yi ciniki da wannan mazhaba ya ƙare da biyan dala miliyan 3.75 a 2014 saboda da'awar lafiya da bai iya tabbatarwa ba. A 2016 kuma, a Luxembourg, an raba wa mutum 372 takalma biyu masu kama da juna, ɗaya da matokari ɗaya babu, ba tare da sun san wanne suka samu ba, sai ciwo ya yi ƙaranci a wajen masu matokarin, musamman waɗanda ƙafarsu ke kwanciya ciki. Wannan bai rushe ra'ayina ba, don muddin mutum yana kan soso, gwafar tana da aiki. Abin da ya fi damuna shi ne na gwanjo: a ajiye shi a kan benci a dube shi ta baya, sau da yawa za a ga ya riga ya jirkice da takun wani Bature da ya gama cin moriyarsa, ga shi irin wannan soso yakan mutu bayan kilomita 500 zuwa 800.

Benno Nigg na Jami'ar Calgary, wanda ya shafe shekaru yana auna wannan mirginawa, ya fito a 2015 ya ce abin da ya fi dacewa mutum ya bi shi ne takalmin da ƙafarsa ta ji daɗinsa. Kamfanonin ma sun bi sannu a hankali. Wajen 2019 Brooks ya cire yankin nan mai tauri daga takalminsa Adrenaline, ya maye gurbinsa da ɗan bango a gefe biyu na diddige, Asics kuma ya yi makamancin haka da Kayano a 2023, shekara 30 daidai bayan na farko, ya faɗaɗa ƙasan takalmin maimakon ya taurara gefensa.