Farar Riga, Baƙar Fuska: Tsohuwar Matsalar Masu Hoto

Duk wanda ya taɓa ɗaukar hoton ɗaurin aure a Gwammaja da tsakar rana ya san wannan ciwon kai. Ango ya sha farar babbar riga, rana ta take, fuska na cikin inuwar rawani. Ka bi fuska, aikin riga ya ƙone fari fat. Ka bi riga, fuska ta koma baƙi ƙirin.

Masu hoton zamanin fim suna da dabararsu. Nagatif yana riƙe haske fiye da abin da takarda ke iya nunawa, don haka a ɗakin wanki sai mai hoto ya tare wani gefe da tafin hannu, ya ƙara wa wani gefen haske, har aska takwas ta fito zare-zare. Gwaninta ce da nake jin takaicin ɓacewarta.

Da dijital ta shigo, sai aka koma JPEG, wanda aka tsara a 1992. Kowane launi matakai 256 kacal gare shi. Hasken da ya zarce matakin ƙarshe an datse shi ke nan, ba ya dawowa.

Maganin daga masu zanen kwamfuta na Amurka ya fito: a rubuta haske da lamba mai ɗigo mai yawo, wato wani ɓangare ya faɗi girman ma'auni, wani ya faɗi adadi, kamar mai hatsin Dawanau da ke auna kaɗan da mudu, mai yawa da buhu. Greg Ward ya bayyana tsarinsa na RGBE a 1991, inda launuka uku suke tarayya a ma'auni ɗaya. A 2003 kamfanin Industrial Light & Magic ya saki OpenEXR kyauta, mai bit 16: ɗaya na alama, biyar na ma'auni, goma na adadi. Da wannan, inuwar zaure da hasken ƙofar gida suna zama cikin fayil guda.

Sai dai ina za ka kai shi? Wayar amarya ba ta buɗe EXR, mai wanki ma JPEG zai tambaye ka. Sai a 2023 Android 14 ta zo da Ultra HDR, wanda JPEG ne da aka ɓoye masa taswirar ƙarin haske: tsohuwar waya ta ga hoto yadda ta saba, sabuwa ta ga cikakke.

Matasanmu masu kyamara, ku ba mai biki JPEG ɗinsa, amma don Allah ku daina goge fayil ɗin RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ke ajiyewa. Shi ne nagatif ɗinku.