Fada da Faɗa: Tarihin Ƙa'idar Rubutun Boko

Duk wanda ya saba buɗe shafukan labarai na Hausa a wayarsa da safe ya san irin tuntuɓen da ido ke yi tun daga kan labari. A rubuta "an yi fada a fada", sai mai karatu ya dakata ya tantance wace ce fadar sarki, wanne ne faɗan. A rubuta "gwamnati ta bashi", ya rasa ko an miƙa wa wani abu ne, ko kuwa zancen rance ake yi. Wanda ya fi yawa shi ne "itace". Kullum sai an ga irin su "Kano itace cibiyar kasuwanci", an mai da birni sukutum makamashin girki, alhali "ita ce" ake nufi.

Bahaushe yakan cike giɓin da kansa ya wuce, shi ya sa wasu ke ganin abin bai kai a ɗaga murya ba. Sai dai kowane ɗaya daga cikin waɗannan wurare an taɓa zama a kansa, an yi gardama, an yanke shawara, an buga a takarda. Aikin ya ci shekaru fiye da ɗari.

Kafin boko akwai ajami, kuma malaman da suka hore haruffan Larabci don Hausa ba su yi wasa da bambancin sauti ba. Almajiri ya san ƙaf wau daban, kaf lasan daban, don haka "ƙasa" da "kasa" ba sa haɗuwa a allonsa. Sun ware harafi don "ɗa", sun ƙara ɗige-ɗige don "tsa", sun sa ɗigon imala a ƙasa don wasalin "e". Ajami har tsawon wasali yana nunawa, abin da boko bai yi ba har yau. Da shi Nana Asma'u da sauran malaman jihadi suka rubuta waƙoƙinsu na wa'azi a ƙarni na 19. Rauninsa shi ne babu wata hukuma da ta daidaita shi. Malamin Sakkwato da na Kano kowa da yadda ya gada daga malaminsa.

Boko kuwa daga nesa ya fara. Wani Bajamushe ɗan mishan, J. F. Schön, wanda ya shiga ayarin binciken kogin Kwara na 1841, ya buga tarin kalmomin Hausa da haruffan Romawa a 1843, ya fitar da nahawu a 1862 da ƙamus a 1876. Bai taɓa zama a ƙasar Hausa ba. Babban malaminsa wani saurayi ne, Dorugu, ɗan yankin Damagaram, wanda matafiyi Heinrich Barth ya tafi da shi Turai a 1855. Daga bakin Dorugu Schön ya kwashi yawancin labaran da ya buga a Magana Hausa a 1885. Kunnen Bature bai saba da ɓ da ɗ da ƙ ba, don haka littattafan farko suka cika da rikici. Wani ya ji bambancin ya sa ɗigo a ƙarƙashin harafi, wani ya rataya masa alama a gefe, wani bai ma ji ba. Sautin "c" kuma aka riƙa rubuta shi "ch". Ragowar wancan zamani tana nan a allunan kan hanya: Bauchi, Bichi, Sokoto maimakon Sakkwato, Hadejia maimakon Haɗeja.

Bayan cin Kano da Sakkwato a 1903, gwamnatin Lugard ta zaɓi haruffan Romawa don aikin mulki, tunda jami'anta ba su iya karanta ajami ba. Hanns Vischer, wanda Kanawa suka laƙaba wa Ɗan Hausa, ya buɗe makaranta a Nasarawa a 1909, sannan a 1912 ya fitar da ƙa'idojin rubutun Hausa na farko da gwamnati ta yi aiki da su. Mutanen gari ba su karɓi sabon rubutun hannu bibbiyu ba, sunan da suka ba shi ma ya nuna haka. An daɗe ana cewa "boko" daga kalmar Ingilishi ta littafi aka aro ta, amma masanin harshe Paul Newman ya nuna a 2013 cewa tsohuwar kalmar Hausa ce mai nufin abin da ba na gaske ba, kamar amaryar boko da ake sa wa lulluɓi a madadin amarya ta ainihi.

A Zariya ne rubutun ya sami kamannin da aka san shi da su yau. Hukumar Fassara, wadda ta koma Hukumar Talifi a 1933 ƙarƙashin Rupert East, ita ta shirya gasar da ta haifi Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. A 1934 G. P. Bargery ya fitar da katafaren ƙamusinsa. A cikin shekarun nan na 1930 aka watsar da ɗigo da alamar gefe, aka ɗauki haruffa masu lanƙwasa. Masana harsunan Afirka na lokacin, irin su Diedrich Westermann, suna da hujja guda mai ƙarfi: ɗigo abu ne da mai rubutu ke mantawa, gara kowane sauti ya sami harafinsa na kansa wanda alamarsa ke manne a jikinsa. Lanƙwasar da ake zubarwa yau, asalinta an ƙirƙiro ta ne don kada a zubar da ita.

Akwai abin da aka bari da gangan. Boko ba ya nuna karin sauti, ba ya nuna tsawon wasali, don a sauƙaƙa wa mai koyo. Shi ya sa "gari" na mutane da "gari" na tuwo suke kama ɗaya a takarda. An yi lissafin cewa Bahaushe zai gane daga zubin magana, kuma yana ganewa. To amma rubutun da aka riga aka rage masa kaya haka ba shi da sauran rarar da za a sake ɗebewa. In aka cire lanƙwasa, "kasa" kaɗai za ta ɗauki ƙasar haihuwa, da ƙasa kishiyar sama, da kasawa, da kasa kaya a kasuwa, da kasa macijiya.

Ƙa'ida a littafi ba ta shiga jinin mutane sai da jarida. A watan Janairun 1939 Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa, Abubakar Imam ne editanta na Hausa na farko. A 1945 aka kafa Kamfanin Gaskiya a Tukur-Tukur da ke Zariya, da injinan ɗab'insa da haruffan dalma masu lanƙwasa. Labari a wancan gida yana bi ta hannuwa da yawa: wanda ya rubuta, edita, mai jera haruffa, sai mai duba gwajin bugu da alƙalami a hannu. Kwafi guda yakan zaga unguwa, mai karatu ɗaya ya karanta wa goma a dandali. Dubban mutanen da suka koyi karatu a azuzuwan Yaƙi da Jahilci a shekarun 1950, da ƙananan littattafan hukumar NORLA, a shafukan Gaskiya suka ga yadda ake raba "ya ce" da "za ta", ba tare da wani ya karanta musu dokar ba. Hausar Kano ce aka ɗauka ginshiƙi, ko da yake Imam kansa a Katsina ya yi karatu, a Zariya ya yi aiki, kuma Basakkwace ya ci gaba da cewa "shina" a bakinsa yana rubuta "yana".

Daga nan sai zaman gyare-gyare. A 1955 gwamnatin Arewa ta kafa Hukumar Harshen Hausa, ta tsara dokokin rubutu, ta tattara kalmomin aro. A 1966 UNESCO ta tara masana a Bamako kan rubutun harsunan Afirka ta Yamma, kuma bayan wannan taro Nijar ta ɗauki wata hanya, har tana ninka wasali don nuna tsawonsa. Sai a Janairun 1980 masanan ƙasashen biyu suka zauna a Yamai don daidaita tsakani. Ɗan bambancin da ya rage shi ne Nijar tana rubuta ƴ, Nijeriya tana rubuta 'y. A Kano, Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya ta Jami'ar Bayero ta riƙe ragamar aikin, ita ce ta fitar da Ƙamusun Hausa a 2006. Dokokin raba kalma da aka tsayar ba masu wuya ba ne. Wakilin suna da ke bin aikatau a ware yake, "ya ba shi". Na mallaka a manne yake, "gidansa", "motarta". "Ne" da "ce" kullum su kaɗai suke tsayawa. "A kan tebur" kalmomi uku ne, "akan yi ruwa a Agusta" kuwa "akan" ɗin guda ce.

Abin da ya riƙa yi wa lanƙwasa ƙafar ungulu a duk tsawon wannan tarihi shi ne na'ura. Tafiretar ofis an ƙera ta ne don Ingilishi, sai akawu ya gama bugawa ya bi takarda da biro yana ɗora wa k da d da b ƙugiya ɗaya bayan ɗaya. Mai haƙuri ya yi, mai sauri ya bari. Da littattafan adabin kasuwar Kano suka ɓarke a ƙarshen shekarun 1980, marubuta da kuɗinsu suke kai aiki ƙananan maɗaba'u, babu edita a tsakani. Sun samar wa Hausa masu karatu masu ɗimbin yawa, musamman mata, wannan kuwa alheri ne babba. Amma a nan ne idon jama'a ya fara sabawa da "yace" da "tace" da "shine".

Sai wayar salula ta iso Nijeriya a 2001. Saƙon tes guda yana ɗaukar harafi 160, kuma ko da wayar tana da ƙ, sa ta sau ɗaya yana rage adadin zuwa 70. Kowane fili tsakanin kalma kuɗi ne. Matasa suka manne kalmomi, suka koma rubuta "xan xo" da "qasa". Wannan "q" ta cancanci a dube ta da idon rahama, domin shaida ce cewa mai rubutun yana jin bambancin ƙ da k a kunnensa, ya nemi mafita da abin da ke hannunsa. A Nijar kuma wanda ya yi makarantar Faransanci sai ya kawo "ou" da "tch" cikin Hausarsa.

Yaran da suka koyi rubutu a kan waɗannan maɓallai su ne da yawa daga cikin masu rubuta labarai a intanet yau. A ƙananan kafofi, mutum ɗaya ne ke ɗauko labari da Ingilishi, ya fassara, ya sa hoto, ya wallafa, yana tsere da wasu goma masu yin irin aikinsa. Hannuwa huɗun nan na Tukur-Tukur sun koma ɗaya. Daga nan ne ake samun abin da ya fi faɗuwar lanƙwasa ciwo, wato karyewar nahawu: "gwamnati ya ce", "jihan Kano", "shekaran da ta wuce", da jimloli masu kalmomin Hausa amma ƙashin bayansu na Ingilishi, waɗanda sai wanda ya iya Turanci ne zai warware su. Manomin da aka ce don shi ake fassarar shi ne ya fi kowa rasa gane ta.

Wasu editoci suna da uzuri a kan lanƙwasa. Sukan ce mai neman labari "kasa" yake bugawa a Google, in sun rubuta "ƙasa" ba lalle ya same su ba. Ana iya sauraron wannan. Raba kalma kuwa babu na'urar da ta hana shi, babu kuma wadda ta tilasta wa kowa ya ce "gwamnati ya". Uzurin maɓalli ma ya ƙare, tunda wayoyin zamani suna da allon rubutu na Hausa da ɓ da ɗ da ƙ a cikinsa, wasu manyan kafofi kuma sun koma sa su. Akwai wani dalili sabo da ya sa abin ya ƙara muhimmanci. Tun da Google Translate ta ɗauki Hausa a ƙarshen 2013, na'urorin fassara daga abin da ke intanet suke koyo. Kuskuren da aka wallafa yau, gobe na'ura za ta mai da shi ga wani ɗan jarida mai sauri, shi kuma ya sake wallafawa.

Gidan Ɗan Hausa yana nan tsaye a Nasarawa, an mai da shi gidan tarihi. Gaskiya Ta Fi Kwabo ta daɗe da ɓacewa daga hannun masu tallar jarida. A makarantun sakandare kuwa har gobe ana koyar da ƙa'idojin rubutu, kuma ɗalibar da ta rubuta "itace" a madadin "ita ce" a jarrabawar Hausa ta WAEC ko NECO sai an zabge mata maki. In ta koma gida ta karɓi wayar yayanta don duba labarai, "itace" ɗin nan za ta tarar a kan labari na farko, da manyan haruffa.