Cutar Parkinson da matsalar barci

Akasarin jama'a sun san cutar Parkinson ne da karkarwar hannu da sandarewar gaɓoɓi. Sai dai wahalar da masu cutar ke sha da daddare tana cikin abubuwan da suka fi dagula musu rayuwa.

Wani likita ɗan Ingila, James Parkinson, ne ya fara bayyana cutar a 1817. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutane fiye da miliyan 8.5 ne ke ɗauke da ita a 2019.

Cutar na tasowa ne sakamakon mutuwar ƙwayoyin ƙwaƙwalwa masu samar da sinadarin dopamine, kuma tana shafar sassan da ke sarrafa barci.

Alamomin dare

Idan ƙarfin magani ya ragu cikin dare, majinyaci kan kasa juyawa a kan shimfiɗa. Yawan tashi fitsari ma kan katse masa barci.

Wasu kuma sukan yi ihu ko kai naushi cikin mafarki, har su ji wa kansu ko iyalinsu rauni. Sau da yawa akan ɗauka aljanu ne, alhali alamar kan bayyana shekaru kafin karkarwa ta fara.

Wani bincike da masana na Jami'ar Legas suka shiga, wanda aka wallafa a 2023, ya gano wani sauyi a ƙwayar halitta ta GBA1 da ke ƙara haɗarin kamuwa da cutar a tsakanin 'yan asalin Afirka.

Haɗari a kan ruwa

Rashin barcin dare kan haifar da gyangyaɗi da rana, kuma wasu magungunan cutar kan sa barci ya kwashe mutum farat ɗaya.

A Yauri da Ngaski da Shanga na jihar Kebbi, inda jama'a da dama suka dogara da su da sufurin kwalekwale a kogin Kwara da tafkin Kainji, irin wannan gyangyaɗi na iya janyo asarar rayuka.

Har yanzu babu maganin da ke warkar da cutar, amma levodopa na rage alamominta. Likitoci na ba da shawarar motsa jiki, da rage shan shayi da cin goro da yamma, da kawar da abubuwa masu kaifi daga gefen shimfiɗa.

Yana da kyau wanda ke kwana ɗaki ɗaya da majinyaci ya raka shi wurin likita, ko a Yauri ko a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato, domin shi ne ke ganin abin da mai barci bai san ya aikata ba.