Abincin Dabbobi da Halaccin Nama a Birnin Katsina: Waiwaye Kan Hukuncin Jallala

Tun zamanin Wali Ɗan Marina da Ɗan Masani, wanda ya rasu a 1667, fiƙihun da ake karantarwa a zaurukan Katsina na Malikiyya ne, kuma Muhtasar na Shaihu Halilu shi ne madogara wajen fatawa. Abin da muke so mu duba a wannan maƙala shi ne matsayin littafin game da jallala, watau dabbar da ke cin ƙazanta.

Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito hadisin da ya hana cin naman jallala da shan nononta. Hambalawa suka ɗauki hanin a kan haramci har sai an tsare dabbar, Shafi'awa suka ce makaruhi ne. Halilu kuwa ya halatta cin tsuntsu ko da jallala ne, sai dai ya ce kashi da fitsarin mai cin najasa ba su da tsarki. Saboda haka hankalin malamai da na Sarkin Fawa ya fi karkata ga wuƙa: wane ne ya yanka, kuma yaya ya yanka.

A ganinmu wannan sassauci ya dace da kiwon da. Ragon layya a turke yake a tsakar gida, yana cin harawa da dusa da kowa, ana ba shi kanwa, kowa na gani. Kazar da ke tonon juji kuwa ita ta kai kanta.

Kiwon zamani ya sauya tambayar. Abincin kaji na buhu kan ƙunshi garin ƙashi, wani lokaci har da garin jinin mayanka, mai saye bai san abin da aka haɗa ba. Halilun nan da ya halatta naman, shi ne ya bambanta abin da najasa ta taɓa, wanda ake iya ba dabba, da ainihin najasa, wadda ba a amfani da ita, ba a kuma sayar da ita. Jinin yanka yana cikin kashi na biyu. Ashe ke nan matsalar ta tashi daga kan mahauci ta koma kan mai haɗa abincin da dillalinsa, mutanen da sarautar fawa ba ta taɓa iko da su ba. Masu sassauci kan kafa hujja da istihala, wai dafawa da busarwa sun juya asalin jinin. Mu dai ba mu gamsu ba cewa jinin da aka shanya ya zama wani abu dabam.

Ingila ma sai da ciwon haukan shanu ya ɓulla a 1986 sannan ta hana ba shanu garin nama da ƙashi a 1988.