Bango Ɗaya, Gida Biyu: Tarihin Tashi da Tarewa a Kasbar Aljir

A yawancin garuruwanmu, wanda zai tashi daga gida babbar damuwarsa kuɗin mota ce. Da an daidaita da direba sai a kawo ta ƙofar gida, a loda gado da katifa da tukwane, a ɗaure da igiya, shi ke nan. A unguwar Kasba ta birnin Aljir, babban birnin Aljeriya, maƙwabciyar Nijar ta arewa, wannan lissafi ba ya aiki. Mota tana tsayawa ne a bakin unguwa, ko dai a sama wajen Bab Jadid, ko a ƙasa kusa da Dandalin Shahidai. Tsakanin nan da can kuwa sai matakala da lunguna, wasu ma mutum biyu ba sa wucewa kafaɗa da kafaɗa. Firji da kabad da tukunyar gas, duk a bayan mutum suke hawa su sauka. Har a zamanin nan jakuna ne ke kwashe sharar unguwar a cikin mangala, kamar yadda ake yi tun zamanin Turkawa.

Amma wahalar dako ita ce ƙaramar magana. A Kasba gidaje sun jingina da juna, bangon wannan shi ne na wancan. Don haka idan iyali guda suka tashi, maƙwabtansu ma abin ya shafe su. Duk wanda ya bi tarihin waɗanda suka tare da waɗanda suka tashi a wannan tudu, ya karanta tarihin birnin baki ɗaya.

Bari mu fara da yadda aka gina wurin. A ƙarni na 10 ne Bulugin ɗan Ziri ya sake kafa garin a kan kufan wani tsohon birni na bakin teku mai suna Ikosiyum. Amma siffar da aka san Kasba da ita ta samu ne bayan 1516, lokacin da 'yan'uwan nan biyu mayaƙan teku, Aruj da Hairuddin, suka karɓe garin, daga bisani ya shiga ƙarƙashin Daular Usmaniyya ta Turkawa. Birnin ya zama kamar alwatika: gindinsa a bakin teku, kansa a ƙololuwar tudu, inda aka gina gidan yaƙi mai tsayin kimanin mita 118 daga saman ruwa. Sunan wannan gidan yaƙi ne Kasba, sannu a hankali sunan ya rufe unguwar duka. Mutanen gari sun raba ta biyu: al-Wata, wato ƙasa, inda fada da kasuwanni da manyan masallatai suke, da al-Jabal, wato tudu, inda gidajen kwana suka cushe.

Da yake ganuwa ta kewaye garin, ga kuma baƙi suna ta shigowa, musamman Musulmi da Yahudawan da aka koro daga Andalus, sai gini ya koma yin sama. Bahaushe ba zai yi baƙunta a tsarin gidan ba. Akwai sakifa, wadda take daidai da zaurenmu, inda baƙo ke tsayawa. Akwai tsakar gida da ɗakuna suka kewaye, da rijiyar tara ruwan sama a ƙarƙashin ƙasa. A can sama akwai soro, wanda fagen mata ne: nan ake shanya, nan ake hira, daga nan ake tsallakawa gidan maƙwabciya ba tare da an taka titi ba. Bayan girgizar ƙasar 1716, wadda ta rusa babban ɓangaren garin, magina suka ƙara amfani da azarun itace a cikin bango da ƙarƙashin ɗakunan da suka leƙo kan hanya. A wasu lungunan ma ɗaki ne ya haye hanya ya dafa gidan da ke ɗaya gefen. Dabara ce ta jure girgiza, amma ita ce kuma ta ɗaure makomar gidajen wuri guda.

To, su wa ke ɗaukar kaya a irin wannan gari? A zamanin Turkawa, baƙin da suka zo ci-rani an tsara su ƙungiya-ƙungiya, kowace da shugabanta da sana'ar da aka san ta da ita. Mutanen Biskra, daga bakin hamada, su ne 'yan dako da 'yan ga-ruwa. Mutanen Mizab sun riƙe gidajen wanka da fawa. Akwai kuma baƙaƙen fata da asalinsu daga kudancin Sahara yake, da yawansu cinikin bayi ne ya kai su ko ya kai iyayensu, waɗanda aka sani da aikin shafa wa gidaje farar ƙasa. Masu binciken da suka yi rubutu a farkon ƙarni na 20 sun tarar da su a tsare cikin gidajen zumunta, wasu na ɗauke da sunan Barno, da Katsina, da Zazzau. Ke nan farin da ya sa ake yi wa Aljir kirari da farin birni, akwai hannun 'yan'uwanmu a cikinsa.

Tashin gida mafi shahara a tarihin Kasba na sarki ne. Mai mulkin Aljir, wanda ake kira Dey, yana zaune ne a fadar Janina da ke ƙasa, a tsakiyar barikokin sojojin Janisari, waɗanda su ke naɗa shi, su ke kuma hallaka shi in ransu ya ɓaci. Tsakanin 1805 da 1817 sarakuna shida aka kashe. Da Ali Hoja ya hau a 1817, sai ya ga in ya zauna a nan shi ne na bakwai. Cikin dare ya sa aka loda dukiyar baitulmali a kan alfadarai, aka haura da ita matakala har gidan yaƙin da ke ƙololuwa. Gari ya waye mulki ya koma sama, bakin igwa na kallon barikoki. Ali Hoja ya tsira daga takobi, amma annoba ta ɗauke shi a 1818. Magajinsa Husaini ya ci gaba da zama a can, kuma a wannan fada ce a 1827 ya bugi jakadan Faransa, Pierre Deval, da mafici a kan rikicin bashin alkama, abin da Faransa ta riƙe a matsayin hujjar yaƙi.

Ranar 5 ga Yulin 1830 birnin ya miƙa wuya. Daga nan aka shiga tashi na dole. Husaini ya tafi gudun hijira Italiya, aka loda sojojin Janisari a jiragen ruwa zuwa ƙasar Turkiyya, iyalai masu hali da yawa suka bar garin don kada su zauna ƙarƙashin baƙon mulki. Dukiyar nan da alfadarai suka haura da ita, sojojin Faransa suka sauko da ita. Sabbin masu mulki suna son filin fareti da hanyoyin da keken doki zai bi, don haka suka rushe babban yanki na al-Wata, har da masallacin Sayyida. Masallacin Kacawa aka mayar da shi coci, bai koma masallaci ba sai 1962. Suka kuma ƙwace dukiyar waƙafi, wadda da kuɗinta ake kula da masallatai da hanyoyin ruwa. Daga baya aka tsaga sabbin tituna ta tsakiyar unguwar, kowane titi kuwa gidaje ya ci.

Tudun ya tsira daga yawancin wannan rusau, kuma matakalarsa na cikin abin da ya kāre shi: inda keke ba ya hawa, Bature bai yi sha'awar zama ba. Sai dai mazaunansa sun sauya. Manoman da aka raba da gonakinsu, musamman daga duwatsun Kabiliya, suka riƙa kwararowa neman aiki a tashar jiragen ruwa. Gidan da aka gina don zuriya ɗaya ya koma gidan haya, kowane ɗaki da iyalinsa, ana raba tsakar gida da makewayi. Mai gida ya koma wata unguwa yana karɓar haya. Ɗan haya kuwa ba ya gyara bangon da ba nasa ba. A cikin wannan cunkoso ne kiɗan sha'abi ya girma a gidajen shayi, a hannun Alhaji Muhammad al-Anka, haifaffen Kasba a 1907.

Cunkoson ya yi rana a yaƙin neman 'yanci. A 1956 da 1957, mayaƙan ƙungiyar FLN sun mayar da lunguna da soraye mafakarsu, sojojin Faransa kuma suka kewaye unguwar da waya mai ƙaya, shiga da fita sai da bincike. A nan ma haɗuwar bango ta nuna ɗaya fuskarta. A watan Agustan 1956 wasu Turawa masu tsattsauran ra'ayi suka dasa bam a titin Tebes, gidaje suka rufta a kan mutanen da ke barci. Ranar 8 ga Oktoban 1957 sojoji suka tarwatsa maɓoyar Ali La Pointe da Hasiba Ben Bu'ali da Mahmud Buhamidi da yaron nan Umar Ƙarami. Fashewar ba ta tsaya a kansu ba, ta kayar da gidajen maƙwabta, ta kashe mutanen da ke ciki.

Da aka samu 'yanci a 1962, ɗaruruwan dubban Turawa da Yahudawa suka bar Aljeriya cikin 'yan watanni, suka bar benaye a Babul Wad da tsakiyar birni babu kowa. Iyalan Kasba da dama suka sauko da kayansu suka tare a gidaje masu famfo da tagogi masu kallon titi. Wa zai zarge su? Ɗakunan da suka bari kuma sabbin baƙi daga karkara suka cike su. Unguwar ta zama zango: a sauka, a jira, in an samu hali a wuce. Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Waɗanda suka san lokacin shafe da lokacin gyaran indararo sun tafi da saninsu. Aka riƙa ƙara ɗakunan bulo a kan soraye, nauyi ya ƙaru a kan tsohon bango. Bututun ruwa na yoyo a cikin ginin da aka yi da tubali da ƙasa da farar ƙasa. Ga kuma matsalar da muka sani sarai a gidajenmu na gado: gida ɗaya, magada barkatai, wasu a ƙasashen waje, babu mai ikon sayarwa shi kaɗai, babu mai niyyar kashe kuɗin gyara shi kaɗai.

A 1992 hukumar UNESCO ta saka Kasba cikin wuraren tarihi na duniya. Takardar ba ta hana bango tsagewa ba. Ambaliyar Babul Wad ta Nuwamban 2001 da girgizar ƙasar Bumardas ta Mayun 2003 sun ƙara raunana gidajen. A Afrilun 2019 wani bene ya rufta kusa da masallacin Kacawa, mutum biyar suka rasu.

Amsar da hukuma ta fi bayarwa ita ce abin da mutanen Aljir ke kira rahla, wato kwashe iyalai daga gidaje masu hatsari zuwa sabbin rukunin benaye a bayan gari. Tun 2014 gwamnatin jihar Aljir take gudanar da shi kashi-kashi, a Kasba da sauran unguwanni. Manyan motoci na jira a bakin hanya, samari na sauko da kaya hannu da hannu, mata na guɗa. Murnar ta gaskiya ce, domin iyalin da suka shekara talatin a ɗaki guda, suna kwana da fargaba duk daren da aka yi ruwa, yau sun karɓi makullin ɗakuna uku. Amma sabon gidan na da nisa da kasuwar da uba ke sana'a, da makarantar yara, da maƙwabciyar da ake miƙa wa gishiri ta kan soro.

Abin da ake bari a baya ya fi tayar da hankali. Sau da yawa akan toshe ƙofar gidan da bulo don kada wasu su tare. Gidan da babu kowa ciki, babu mai ganin yoyo, babu mai share magudana. In ya faɗi, ko aka rushe shi, gidan da ke jingine da shi ya rasa madogara, shi ya sa mai yawo a Kasba yake ganin katakai da ƙarafa an tokare bango da su a kan fegin da ya zama juji. Har ila yau, tun da hatsarin gida shi ke sa a shiga jerin masu samun sabo, ɗan haya ba shi da wata riba in ya gyara. Jaridun ƙasar sun sha kawo zargin cewa wasu kan bar gida ya lalace da gangan. Gaba kura, baya sayaki: a bar mutane a ciki, ana wasa da rayukansu, a kwashe su a rufe, unguwar na mutuwa gida bayan gida.

An gyara wasu fadoji da masallatai. Kacawa ya sake buɗewa a 2018 bayan aikin da Turkiyya ta ɗauki nauyi, kuma a shekarar jirgin ƙasa na ƙarƙashin ƙasa ya iso Dandalin Shahidai. Sai dai fada da masallaci suna da mai su guda, wato hukuma. Gidajen talakawa, waɗanda su ne mafi yawan unguwar, suna buƙatar abin da ya fi siminti wuya: a warware rikicin gado, a gyara layi guda a tare maimakon gida ɗaya-ɗaya, a ba iyali masauki na wucin gadi sannan a tabbatar sun dawo. Tun 1830 kayan da ke sauka daga tudun nan kusan ba sa komawa. Ranar da aka ga 'yan dako suna haurawa da katifun iyalin da aka fitar don gyara, suna mayar da su ɗakinsu na da, ranar ce za a ce an fara ceton Kasba.